Zuwa drupa a Jamus: riba ce ga mai ƙaramar maɗaba'a, ko yawon buɗe ido?

MaiGTO_BK:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema. An sa ranar drupa mai zuwa, wato babban baje kolin injinan ɗab'i na duniya da ake yi a Jamus, daga 9 zuwa 17 ga Mayu 2028 a Dusseldorf, kuma zuciyata ta kwanta da in fara tara kuɗin tafiya tun yanzu. Shagona a nan Birnin Kebbi ba wani babba ba ne: ƙaramin injin bugu na GTO mai kala ɗaya, injin yanka, sai injin banna ɗan Sin. Aikin da ke riƙe da mu shi ne rasit, katin biki, kalanda, takardun jarrabawar makarantu, sai fosta in siyasa ta kama. Wani aminina ya ce kuɗin jirgi da masauki kaɗai sun isa in ƙara wani inji, wai in daina mafarki. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku faɗa mini tsakani da Allah, me mutum irina zai samo a can?

Baba_Kord_Jega:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amininka ya hwaɗa maka gaskiya. Mi za ka yi Jamus? Injinan da aka nunawa wurin ga, ko gidanka da gonarka ka saida ba ka sayen guda. Mai jaki ne ya tai kallon jirgin sama, ya dawo ya hau jakinai. Ni tsohon injin buguna Kord tun kahin a haihi wasunku take aiki, kuma har gobe ita ka ciyar da gida. Ka riƙe kuɗɗinka ka sai takarda ka aje, zaɓen 2027 na tahe.

Yaron_Shago:
Baba ya kashe magana tun ba a fara ba.

Alh_Kwali_Gusau:
Baba_Kord, Allah ya ja kwana, ina girmama maganarka, amma a nan zan ɗan saɓa. Na je na 2016, na koma na 2024, kuma ko inji ɗaya ban sayo daga can ba. Duk da haka ban ga asara ba.

MaiGTO, bari in fara da girman wurin don ka san abin da za ka tarar. Na 2024 an yi shi daga 28 ga Mayu zuwa 7 ga Yuni, kamfanoni sama da 1,600 daga ƙasashe 52 suka baje kaya a manyan zaure 18, kuma baƙi kusan 170,000 suka shiga. Na 2016 ya fi shi cika, wajen mutum 260,000. Tsakaninsu shekara takwas, domin na 2020 annobar korona ta ɗage shi zuwa 2021, daga baya aka soke, aka yi ta intanet kawai. Kamfani ɗaya, HP, shi kaɗai ya kama zaure guda sukutum. In ka ce za ka leƙa kowace rumfa, ƙafarka za ta kumbura ba ka ga rabi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Speedmaster XL 106 ta Heidelberg. Takarda 21,000 take bugawa a awa. Amma ba gudun ne ya girgiza ni ba. Canjin aiki ne. Ina tsaye aka gama wani aiki, injin da kansa ya zare faranti na kowace kala ya sa sababbi, ya wanke bargon roba da ke kai tawada kan takarda, ya daidaita tawada, kafin in gama ɗaukar hoto da waya sabon aiki ya fara fita tsaf. Mai tuƙa injin yana tsaye gaban allo da farar riga, ko ɗigon tawada babu a hannunsa. Na tuna yadda yarana ke kwashe rabin safiya suna neman rajista ta zauna, wato kaloli su hau kan juna daidai, ana ɓata takarda ana zuba wa a kwandon shara. Ban iya sayen injin ba, amma da na dawo Gusau na fara ƙirga takardar da muke ɓatawa kafin kowane aiki ya daidaita, abin da ban taɓa yi ba tun da na buɗe shago.

Sai babban darasin. Ka zaga zauren nan za ka ga inda kuɗi suka koma: kwali, lebul, leda, buhu. Rumfunan masu injin jarida sun tsuke, na masu kayan ƙunshe kaya sun faɗaɗa. Littafi da jarida waya na cinye su, amma ba wanda zai zuba shinkafa ko magani a cikin waya. Shi ya sa na sayi tsohon injin yanka kwali a Legas na koma yi wa masu sabulu da masu turare kwali. Sunan da kuke kira na da shi a zauren nan daga nan ya samo asali.

Baba_Kord_Jega:
To Alhaji, wanga darasi sai an kai Jamus aka gane shi? Shiga kasuwar Jega ranar Juma'a ka ƙirga buhunnan da ag ga rubutu bisa, ka ga darasin kyauta.

Alh_Kwali_Gusau:
Haka ne Baba, buhun yana nan a kasuwa. Sai dai shekara nawa muna wuce shi ba mu tambayi wa ya buga ba?

DanArgungu:
Wannan tambayar ta Alhaji ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Jihar shinkafa muke. Ga WACOT a nan Argungu tun 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa birjik daga Kamba har Yauri. Ƙananan nan kowa na son buhu mai sunansa da lambar wayarsa. Ga masu fiya wata, kowane gari da nasu, kuma ledar da suke ƙulla ruwan bugagga ce. Ku tambaye su ina suke kai aikin, za ku ji Kano, Kaduna ko Legas. Mu muna nan muna rububin katin biki ana karya wa juna farashi. Buhu da leda ba aikin GTO ba ne, injin fileso suke so, mai faranti na roba da tawada mai saurin bushewa. In zuwa drupa zai sa ɗayanmu ya kawo irin wannan injin Kebbi, ni dai ina goyon baya.

Injiniya_Rola:
Ku tsaya in sa baki, don ni ake kira in abu ya lalace. Daga Sakkwato zuwa Zuru babu irin injin da ban kwance ba.

Duk wanda zai je kowane baje koli, kafin ya tambayi farashi ya tambayi abu uku: wace irin wuta injin ke ci, wane zafi yake jurewa, kuma wa zai gyara shi a Najeriya. Injin Turai wutarsa ta dace da tamu, layi uku ne kuma maimaitawa 50 a daƙiƙa kamar namu. Na Amurka 60 ne, in ka kawo shi ba shiri mota za ta riƙa zafi tana rage gudu. Wannan mai sauƙi ne ma. Matsalar ita ce injinan zamani duk kati ne da kwamfuta a ciki. Wuta ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu, kati ya ƙone, kuma ba a Shomolu, cibiyar masu ɗab'i ta Legas, za ka same shi ba, sai an yi oda. Kord ɗin Baba ƙarfe ce zalla, in haƙori ya karye mai walda da mai lesi za su fitar da kai kunya kafin la'asar.

Sai yanayi. Zauren Dusseldorf sanyinsa da laimarsa a daidaice suke. Mu a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, takarda ta nannaɗe baki, ta riƙa manne wa juna, fida mai tura takarda cikin inji ta ɗauki biyu biyu. Ƙurar da ke shiga shagunanmu kaɗai ta isa ta kashe kan injin dijital. Wanda ya ga inji na gudu a can ya ɗauka haka zai yi a Gusau, zai sha mamaki.

MaiGTO_BK:
Injiniya, ke nan kai ma kana bayan Baba?

Injiniya_Rola:
A'a maigida, ban ce kar ka je ba. Cewa na yi in za ka je, ka bar zauren manya bayan ka ba ido abinci, ka nufi inda ƙananan kamfanoni suke, masu rola, bargo, sinadarin ruwa, wuƙar yanka, gam. Su ne abokan harkarka. Ko GTO ɗin da kake taƙama da ita a drupa ta 1972 aka fara nuna ta. Abin da ake nunawa yau shi ne za a kawo mana na hannu nan da shekara goma sha biyar ko ashirin, gara mutum ya san wanne zai iya rayuwa a nan.

Hajiya_Lebul:
Salamu alaikum. Na ga duk maza ne ke magana, bari in shigo. Ni sitika da lebul nake yi wa mata masu yaji, man shafawa, zuma da kilishi. Ban je Jamus ba, Sin na je, baje kolin Print China da aka yi a Dongguan a 2023. Shi ma duk shekara huɗu ake yi, ga kuma China Print a Beijing, ga All in Print a Shanghai. Yayana MaiGTO, in sayayya ce a ranka, can ya fi dacewa da aljihunmu. Dongguan kusa take da Guangzhou inda 'yan kasuwarmu suka saba, akwai masu haɗa kaya a kwantena, akwai abincin halal, akwai Hausawa da za su yi maka tafinta. Mafi daɗi, in ka ga inji a rumfa, washegari za su ɗauke ka a mota su kai ka masana'antar ka ga inda ake haɗa shi.

Na tafi da fayil ɗina a filas da irin takardar sitikar da nake saya a Kano. Duk wanda ya ce injinsa ya iya, sai in ce bismilla, buga nawa. Samfurin da suke rabawa an zaɓe shi ne don ya yi kyau. Lebul ɗin yaji mai jan launi da ƙananan rubutu, a nan ake gane inji. Wasu da suka ga na fito da takardata sai suka fara kame-kame.

Alh_Kwali_Gusau:
Hajiya ta kawo dabara mai kyau, kuma a drupa ma ana yin haka in ka nemi lokaci tun kafin ka taso. Sannan 'yan Sin ɗin da kike magana sun cika Dusseldorf a 2024, rumfunansu ɗaruruwa ne. Ga 'yan Indiya, ga Turkiyya. Amfanin Jamus shi ne za ka ga na Sin da na Japan da na Jamus a rana ɗaya, ka ɗauki samfurin wannan ka kai rumfar wancan ka gwada.

Hajiya_Lebul:
Alhaji, in an ba ka biza ba.

Mai_Zane_Zuru:
Yauwa, an zo wurin. Ni na nema a 2024 aka hana ni. Na biya kuɗin biza, na yi inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da suke buƙata, na kama masauki, na sayi tikitin shiga. Amsar da na samu ita ce ba su gamsu zan dawo ba. Kuɗin biza ba a mayarwa. Lokacin Yuro 80 ne, daga Yunin 2024 ya koma 90. Ka haɗa da zirga-zirga daga Zuru da kwanan otal. Ina da mata da 'ya'ya da shago, ina zan gudu? Har yanzu abin na yi mini ciwo.

Alh_Kwali_Gusau:
Allah ya mayar da alheri ƙanena. Abin da na lura, suna duba takardun kasuwanci fiye da bakinka. Rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, da bayanan asusun banki na kamfani da ke nuna kuɗi na shiga suna fita wata da watanni. Yawancinmu ciniki na hannu da hannu muke yi, ko a tura a asusun yaron shago, sai lokacin tafiya a ranto kuɗi a zuba a asusu rana ɗaya. Wannan suna ganewa. MaiGTO, in da gaske kake, shirin biza daga yau yake farawa, ka sa duk cinikinka ya bi ta asusun shago. In kana da rajista da CIPPON ka haɗa da takardarta. Kuma wasiƙar gayyata daga wani kamfani da kake sayen kaya wurinsa tana da nauyi.

Dalibi_Poly:
Don Allah mene ne CIPPON? Ina karatu a Waziri Umaru, ina koyon aiki a wani shago da yamma.

Shugaban_Zaure:
Cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta Najeriya ce, dokar 2007 ta kafa ta. Ka tambayi maigidanka. Kuma jama'a a kiyaye, kar wani ya turo lambar ejan ɗin biza a nan, za a goge.

Malam_Tarihi:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa duk da ni malamin makaranta ne, kwastoma ne ba mai inji ba. An fara drupa a 1951. A lokacin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekara 12 tana fita, tun 1939, kuma an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Wato Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Kafin inji ma, ƙasar Gwandu ƙasar marubuta ce, littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da hannu aka riƙa kwafe su ana yaɗawa. Yau kuma ka shiga kasuwa ka duba littattafan addini da ɗalibai ke saye, da yawa bugun Masar ne ko Bairut. Wanda zai je Jamus ya ɗan tsaya a Mainz, ba nisa da Frankfurt, akwai gidan tarihin Gutenberg, ya ga inda aka faro buga littafi da haruffan ƙarfe a Turai wajen 1450.

Baba_Kord_Jega:
Malam, Allah shi gahwarta, tarihi na da daɗi amma ba shi biyan kuɗɗin gas. Ku bari in hwaɗa muku inda ciwon yake. Takarda. Anka gina muna masana'antar takarda ukku, Jebba, Oku Iboku da Iwopin. Yau farar takardar da muka bugawa daga waje taka zowa, da dala. Tun da anka saki naira 2023, rim ɗin da kas saya da sahe ba shi ne farashin marece ba. Tawada daga waje, faranti daga waje. Ka ba makaranta farashi, kahin su biya ka takarda ta tashi. Wane baje koli ka maganin wanga?

DanArgungu:
Baba a nan kam ba mai ja da kai.

Injiniya_Rola:
Sai dai ma a ce tsadar takardar ce ta sa maganar Alhaji ta ƙirga ɓarna ta zama dole. Kord kala ɗaya take bugawa. Aikin kala huɗu sai takarda ta bi ta cikinta sau huɗu, kowane zagaye da nasa ɓarnar, kuma da hunturu takardar na canja girma tsakanin zagaye da zagaye, shi ya sa fuskar ɗan takara ke fita da inuwa biyu. Da takarda na arha ba wanda ya damu.

Yaron_Shago:
Wallahi an taɓa dawo mana da fosta, mai ita ya ce mun sa masa ido huɗu. Oga ya ce ai hakan na nuna hangen nesa.

Hajiya_Lebul:
Kai yaron nan Allah ya shirye ka.

Dalibi_Poly:
Tambaya ta biyu don Allah. Ina ganin bidiyon injinan dijital da ba sa buƙatar faranti. Ba su ne za su kashe su Kord da GTO gaba ɗaya ba? In haka ne me ya sa zan ɓata lokaci ina koyon haɗa ruwa da tawada?

Alh_Kwali_Gusau:
Ɗana, lissafi ne. A ofset, wato bugu da faranti irin na Kord da GTO, kuɗin farko ne mai nauyi: faranti, wanki, daidaitawa. Da inji ya zauna, kowace takarda da ta ƙaru arha take ƙara yi. A dijital babu kuɗin farko, amma takarda ta ɗaya da ta dubu goma kusan kuɗinsu ɗaya, wasu kamfanonin ma kan kowane bugu suke cajinka. Katin biki ɗari biyu, dijital. Fosta dubu hamsin, ofset. Abin da na gani a 2024 shi ne iyakar da ke tsakaninsu tana matsawa, dijital mai feshin tawada na cin ayyukan da da na ofset ne. Heidelberg da kanta a wurin ta sanar da haɗin gwiwa da Canon don ta riƙa sayar da irin waɗannan injina. In mai Speedmaster ya yi haka, kai ma ka koyi duka biyun.

Amma kar a ruɗe ka da wasan rumfa. A drupa ta 2012 Benny Landa, wanda ya ƙirƙiro injin dijital na Indigo, ya nuna sabuwar fasaharsa da kiɗa da fitilu, mutane suka yi ta sa hannu a takardar oda. Sai da aka shafe shekaru kafin injinan su fara isa hannun masu saye. Abin da aka nuna a baje koli wani lokaci alkawari ne, ba kaya ba.

Mai_Zane_Zuru:
Shi ya sa ni yanzu na haƙura da Turai. Propak West Africa ake yi a Legas duk shekara wajen Satumba, a Landmark. Ba biza, motar dare ta kai ka. Bai kai ko kusa da drupa ba, amma waɗanda za ka gani a can su ne wakilan da ke da ofis a Najeriya, masu injiniya da kayan gyara a ƙasa. Daga nan ka wuce Shomolu da Mushin ka ga injinan hannu suna aiki. Akwai kuma Gulf Print and Pack a Dubai ga mai hali. Ni a ganina MaiGTO ya fara da Legas.

Ummu_Kalanda:
Ni tambayata daban ce. Maigidana ne ke son zuwa, ni ke riƙe masa lissafin shago a Talatar Mafara. Alhaji, yaya maganar masauki da abinci da salla? Kar mutum ya je ya wahala.

Alh_Kwali_Gusau:
Hajiya, masauki shi ne ke cin kuɗi fiye da yadda ake zato. Lokacin drupa otal a Dusseldorf ninkawa yake yi, har jiragen ruwa ake jerawa a kogin Rhine ana kwana a ciki. Ni a Duisburg na sauka, jirgin ƙasa na kawo ni da safe. Wasu na sauka a Essen ko Cologne. Daga babbar tashar Dusseldorf akwai jirgin U78 da ke kai ka har ƙofar filin. Daga gida kuwa Lufthansa na tashi daga Abuja zuwa Frankfurt, a cikin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa mai sauri, ƙasa da awa biyu kana Dusseldorf. A kama ɗaki da wuri, irin wanda ake iya sokewa in biza ba ta fito ba.

Abinci ba matsala. Bayan babbar tasha akwai unguwar Oberbilk, 'yan Maroko ne da yawa, ga shagunan Turkawa ko'ina. A unguwar Marxloh ta Duisburg akwai babban masallaci, can na yi Juma'a. Abin da zai ba shi mamaki lokaci ne. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta zo da wuri. Ga gajiyar yini a tsaye. Ya tafi da takalmi mai taushi, ba sau-ciki na zuwa ɗaurin aure ba, da rigar sanyi mara nauyi don ruwa na iya saukowa kowane lokaci. Ya buga katin shagonsa da Turanci ya tafi da shi da yawa. Kuma kar ya kwashi kowace ƙasida da aka miƙa masa, takarda nauyi gare ta, a filin jirgi zai biya.

Ummu_Kalanda:
Na gode Alhaji, Allah ya saka. Da na ji maganar otal ɗin nan jikina ya yi sanyi. A 2024 Yuro ɗaya ya haura naira 1,500, ban san inda zai kai a 2028 ba.

DanArgungu:
Me zai hana a yi karo-karo? Mu goma ko ashirin a zauren nan mu haɗa, a tura mutum biyu, ɗaya mai shago ɗaya injiniya. Kowa ya rubuta abin da yake so a dubo masa. Ni nawa fileso na buhu ne. Su dawo su tara mu a Birnin Kebbi su baje mana samfura da farashi.

Baba_Kord_Jega:
Karo-karo? Mu da ba mu iya haɗa kai mu tsaida farashin katin biki ba? Ranar da anka ce a zaɓi mutum biyu, ranar zauren ga ka watsewa.

Hajiya_Lebul:
Kuma in an tashi zaɓen, na san ba za a tuna da mata ba. Alhali aikin lebul da kuke cewa shi ne gaba, mu muka fi kusa da masu buƙatarsa.

Injiniya_Rola:
Ni dai in za a tura injiniya ban ƙi ba.

Yaron_Shago:
Injiniya ya ji ƙamshin jirgi.

MaiGTO_BK:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Abin da zan fara dai shi ne maganar asusun banki da Alhaji ya faɗa, don ko ban je ko'ina ba tana da amfani. Legas ta Satumba ma ina ganin zan leƙa. Jamus kuwa ban cire rai ba, Baba ka yi haƙuri. Alhaji, tambaya ɗaya ta rage: injinan hannu fa? Ana samun dillalansu a wurin, ko sababbi kawai ake nunawa?

Alh_Kwali_Gusau:
Ana samu. Dillalan tsofaffin injina na Jamus da Holan suna da rumfuna, ba sa kawo injin, hotuna da jerin kaya suke nunawa, in kun daidaita su kai ka ma'ajiyarsu. Ka duba ƙirgen bugun da injin ya yi, ka sa a cire bargo ka ga jikin silinda ko akwai rauni ko tsatsa, kuma ka dage a kunna shi a buga a gabanka. In an riga an kwance shi an ɗaure a katako, ka san sa'a kake saye.

Injiniya_Rola:
Ƙirgen ma ana iya taɓa shi. Ka dubi haƙoran giya da maƙallan da ke kama takarda, su ba sa ƙarya. Kuma ka sa kuɗin kwastan, da na babbar mota daga tashar jirgin ruwa zuwa Kebbi, da na injin ɗaga kaya da zai sauke shi a lissafi tun farko. Na san injin da ya shekara a ƙofar shago an rufe shi da tamfol saboda ƙofar ta yi masa kaɗan, mai gidan hayar kuma ya hana a fasa bango.

Baba_Kord_Jega:
To ku dai tai ku dawo. MaiGTO, in ka kai can ka tambayo mini ko suna da rolar Kord 64 ta asali, waɗanda nis samu bara ba su kai damina ba sunka kumbura.

Dalibi_Poly:
Baba ashe kai ma kana da saƙo.

Baba_Kord_Jega:
Saƙo daban, tahiya daban. Injiniya, ka biyo Jega ranar Assabar, fida na ta ɗaukar biyu biyu tun jiya.